Sa Hannun Ruƙayya

Litinin, 3 ga Fabrairu, bayan La'asar

Ruƙayya ta kira tana hanyar komawa gida, kamar kullum. Sunan nan ba ya fita a bakina. 'Yar fari ce, shekara talatin da takwas ban kira shi a gaban mutane ba, ban kuma taɓa yabonta wani yana ji ba. Haka aka raine mu. Amma a takarda zan rubuta shi.

Ita ce shugabar sashen kwamfuta a wata ƙungiya da ke ba marasa ƙarfi gidajen haya a Birmingham, mutum shida a ƙarƙashinta. Duk bayanan 'yan haya, sunansu, ciwonsu, har adireshin matan da suka gudo daga mazaje masu duka, suna cikin wasu manyan na'urori a ɗakin ƙasa na ofishin. Sabon daraktansu yana so a kwashe a ba wani kamfani ya ajiye a nasa na'urorin, su riƙa buɗewa ta intanet. Cloud suke ce masa. Ba za a yi ba sai da sa hannunta, ya ba ta zuwa ƙarshen wata.

Na ce, "A ina kamfanin zai ajiye?"

Ta ce, "Wani a Landan, wani a wata ƙasa. Ya danganta, Umma."

"Kin ga ɗakin da idonki?"

"Ba a zuwa gani."

"To kar ki sa."

Ta yi dariya, wai ba haka ake yanke shawara ba. Na ce ni haka na yi shekara tara a rajistirin sirri a Kano da takardar sakandare kaɗai, kuma fayil ɗaya bai taɓa ɓata a hannuna ba. Makullin yana ɗaure a bakin zanena, ko famanan sakatare sai ya sa hannu a littafi kafin in miƙa masa.

Asabar sunan jaririn Bara'u, autana, wanda nake zaune da shi da matarsa Shifa a nan unguwar Levenshulme a Manchester. Mai rago har yanzu bai kira ba.

Talata, 4 ga Fabrairu, da hantsi

Bara'u ya ji ina maimaita maganar jiya, wai, "Umma, hotunan wayarki fa duk a can suke, har na Makka." Na ce wa ya ba da izini? Ya ce ni, ranar da na danna ban karanta ba. Na ce ya dawo min da su yau ɗin nan. Ya yi ta dariya har jaririn ya farka. Digiri biyu gare shi a harhaɗa magani, amma bai san ba a yi wa uwa dariya haƙora a waje ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu, bayan Magariba

Muryar Ruƙayya ba daidai ba yau. Na ce faɗa min. Ta ce maganar ofis ce. Na ce a gidan mijina marigayi Malam Junaidu ba a ɓoye wa uwa magana, ba kuma yau za a fara ba. Na ji ƙarar sigina a motar, sannan ta faɗa.

In aka kwashe bayanan, kujera biyu za a rufe a watan Yuni. Ɗaya ta Jabez ce. Jabez ɗan Kaneng, maƙwabciyarmu 'yar Filato, wadda ta kwana bakwai tana yi mana girki lokacin rasuwar maigidana. Magidanci ne da 'ya'ya uku, shekara goma sha ɗaya yana kula da na'urorin nan.

Ta ce, "Umma, mu uku kaɗai muka ga takardar. Ko Bara'u kar ya ji."

Na ce da wa take magana?

Sai ta shiga bayani, na bar ta. A wurin aikinta na farko sun ba wani kamfani ajiya, abin ya tsaya kwana uku, tana kira ana sa ta a layi kamar mai neman ganin likita, kuma ita aka zaga. Wannan bai fita a ranta ba. Ta ce shiga wurin waɗannan kamfanoni da sauƙi, ranar da kake son fita da kayanka ne za ka gane. Amma kuma na'urorin ɗakin ƙasa sun tsufa. Na tuna, Sallar bara daga filin idi ta wuce ofis da lalle a hannu saboda abin sanyaya ɗakin ya mutu. Abokan karatunta da suka koma cloud kullum suna mata tsiya, wai ita ce gyatumar da ke ajiya a ƙarƙashin katifa.

"Ba ƙi nake ba, Umma. So nake a yi kaɗan-kaɗan cikin shekara guda, bayanan matan nan su zama na ƙarshe, a koya wa Jabez sabon aikin. Shi darakta so yake a gama kafin taron hukumar gudanarwa, a ce ya zo da sabon abu."

Da ta ce a'a gaba ɗaya da ya fi min. Amma duk da haka. Mace ɗaya baƙa a teburin maza takwas, ta ce ba za ta sa hannu ba. Ni na haife ta.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, bayan Asuba

Rago ya samu. Shifa ta ce a sayo waina a Stockport Road, na ce ba a sunan jikana ba. Na jiƙa shinkafa tun jiya.

Asabar, 8 ga Fabrairu, bayan Isha

An raɗa masa Zaid. Allah Ya raya shi bisa sunna.

Gida ya cika har kan matakala. Mutanen Sparkbrook, can Birmingham, sun zo mota uku. Waina ta yi kyau, miyar taushe ta ƙare tun kafin La'asar.

Ruƙayya ta zo da mijinta Rabi'u da yaran. Ba ta yi awa ɗaya da zama ba aka kira ta, wani abu ya lalace a ɗakin ƙasan nan, ta hau sama da kwamfutarta. Sai Hajiya Kulu ta Sparkbrook, wadda bakinta bai taɓa hutawa ba, ta ce, "Ita manaja ko sunan ɗan ƙaninta sai da kwamfuta? Allah Ya sa dai ta san ɗanɗanon tuwon gidanta." Mata suka kwashe da dariya. Har da Kaneng.

Dariyar Kaneng ce ta tsaya min.

Mun yi magana da ita a kicin muna juya waina. Ban faɗi ƙarya ba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, da rana

Wanke-wanke. Gwiwata ta kumbura.

Litinin, 10 ga Fabrairu, bayan Magariba

Ba ta kira ba. Gajiyar suna ce.

Talata, 11 ga Fabrairu, bayan Magariba

Ba ta kira ba. Na kira sau biyu. 'Ya'yan yanzu, waya a hannu kullum, amma ta uwa ce ba a gani.

Laraba, 12 ga Fabrairu, bayan Azahar

Bara'u ya dawo daga aiki da rana tsaka, bai ko cire takalmi ba.

"Umma, an dakatar da Yaya."

Rabi'u ne ya gaya masa. Litinin da safe Jabez ya faɗa ofishin darakta ba sallama, da watan da za a sallame shi a bakinsa, da sunan kamfanin, da komai. Ya ɗaga murya mutane suna ji. Darakta bai daɗe yana lissafi ba, mutum uku ne suka ga takardar, ɗaya ce kaɗai ta san Jabez tun yana yaro. Sun karɓi kwamfutarta da katin shiga. Ranar Litinin 24 ga wata za ta zauna gaban kwamiti, kuma kora tana cikin abin da za su iya yankewa.

Bara'u ya ce, "Yaya ba za ta taɓa gaya masa ba. To wa ya gaya masa?"

Yana tsaye yana kallona. Na ce ya cire takalmi, a kan kafet ɗin nan ake salla.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, da hantsi

Namiji mai 'ya'ya uku ya ji magana, maimakon ya yi alwala ko ya je cocinsu ya nemi sanyin zuciya, sai ya je yana ihu a ofishin shugaba. Rashin haƙuri ne. A zamaninmu ko an rage maka matsayi sai ka gaida wanda ya rage maka da safe.

Ni abin da na ce wa Kaneng kawai shi ne ta daina dariya, domin wadda take yi wa dariya ita ce ke tsaye kan abincin jikokinta. Wannan gaskiya ne.

Alhamis, bayan La'asar

Wataƙila na ambaci Yuni.

Asabar, 15 ga Fabrairu, da yamma

Kaneng ta shigo da kular gwate, ta ajiye a tebur ta zauna ba a ce ta zauna ba. Maman Bara'u take ce min, ta san ba a haɗa ni da sunan babbar.

"Maman Bara'u, kwana uku ina gaishe ki ta taga kina sakin labule."

Na ce sanyi ake yi.

"Sanyin bai hana ki shanya ba."

Na ce, "Kaneng, bakinki ya ja wa 'yata."

Ta dafa ƙirji. "Bakina? Ke kika ja ni gefe. Kika ce a watan Yuni za a sallami ɗana, kika faɗi sunan kamfanin har sau biyu don in riƙe, kika ce 'yarki ce kaɗai ta hana. Ni ma uwa ce. In koma gida in yi barci?"

"Na ce miki tsakaninmu."

"Ba ki ce ba."

"Na ce."

"Wallahi, ko da yake ba rantsuwarmu ba ce, ba ki ce ba. Cewa kika yi in je in gaya wa Hajiya Kulu irin 'yar da kika haifa."

Ta fashe da kuka, wai Jabez ma an ba shi takardar gargaɗi, ba ya cin abinci, yana cewa ya kashe wa Yaya Ruƙayya aiki. Na miƙa mata tishu. Na ce ta ɗauki kularta, ta ce sai na ci. Na ci kaɗan. Ta cika yakuwa kamar kullum.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, bayan Asuba

Na yi ta juya maganar kicin ɗin nan daga farko har ƙarshe. Ban ce tsakaninmu ba.

Shekara talatin da takwas ban yabe ta ba. Ranar da ta fito ta ɗaya a jami'a a nan Manchester, cewa na yi ta gyara ɗankwalinta. Sau ɗaya tak na buɗe baki na yabe ta, a kicin ɗin nan.

Litinin, 17 ga Fabrairu, bayan La'asar

Ta kira.

"Umma, ina wuni. Ya gwiwar?"

Na ce da sauƙi. Ta tambayi Zaid, ta tambayi ko cibiyarsa ta warke. Na ga ba za ta taɓo ba, sai na taɓo.

"Me za ki ce musu?"

"Gaskiya. Ni na fitar da maganar daga ofis."

"Za ki ce ta hannun wa?"

"Ba ke aka ba takardar ba, Umma. Ni aka ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga, da na san abin da zan ce, don ba a ɗaga min murya. Na ce Allah Ya yi mata albarka. Ta ce amin, yara suna jiran abinci.

Ko a rajistiri, in fayil ya fita, sunan wanda ya sa hannu ake bi. Ni na koya mata wannan tun tana firamare. Ta riƙe.

Laraba, 19 ga Fabrairu, da hantsi

Na rubuta wa kwamitin wasiƙa da Turanci, da hannuna, yadda aka koya mana, adireshi a dama, take a tsakiya an ja masa layi. Na ce 'yata ba ta da laifi, ni na matsa mata, a al'adarmu 'ya ba ta ce wa uwa a'a. Na ce su duba shekara goma na aikinta, su kuma tambayi daraktan gaggawar me yake yi da sirrin bayin Allah.

Bara'u ya karanta ya ce, "Turancin ya fi nawa. Amma layin ƙarshen nan shi zai sa a kore ta."

Na ce ba a nemi ra'ayinsa ba. Na sake kwafe ta ba layin.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Azumi saura kwana takwas ko tara. Ban sayi ko dabino ba.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, bayan Magariba, Erdington

Na hau jirgin ƙasa ni kaɗai zuwa gidan Ruƙayya. Bara'u ya so ya kawo ni, na ce da ƙafata zan je. Rabi'u ya ɗauke ni a tasha, ya durƙusa har ƙasa a gaban Turawa, yaron kirki.

Ta rame. Ta karɓi jakata, ta kawo ruwa, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata kamar babu komai. Na ba ta wasiƙar. Ta karanta a hankali har ƙarshe, ta ninke, ta miƙo min da hannu biyu.

"Umma, in na kai wannan, cewa na yi duk sirrin da aka ba ni yana hannun wanda ya fi ni girma a gida. Sun gama da ni ke nan, da duk wata 'yar Hausa da za ta nemi kujerar bayana."

Na ce, "To ni me zan yi?"

Ban taɓa yi mata wannan tambayar ba. Ita ma ta lura. Ta ce in yi addu'a.

Litinin, 24 ga Fabrairu, da safe

Na goge mata riga da mayafi. Ta ce an riga an goge, na ce ba a goge ba. Ƙarfe tara ta fita.

Litinin, bayan Azahar

Shiru. Na share kicin ɗinta, na jera mata kayan yaji. Yaran sun dawo daga makaranta suna min Turancin Birmingham da ba na gane rabinsa.

Litinin, bayan Magariba

Ba a kore ta ba.

Gargaɗi na ƙarshe a rubuce, zai zauna a fayil ɗinta shekara guda. Litinin mai zuwa za ta koma. Rabi'u ya yi sujada a falo, ni na shiga ɗaki na yi tawa.

Da na fito ta ce sun tambaye ta wa ta gaya wa, ta ce wani a gida, kuma ba za ta ƙara ba. Sau uku suna tambaya. Sai wata tsohuwa a kwamitin ta ce tunda an zauna, tana so ta ji me ya sa tun farko ta ƙi sa hannu. Ta yi musu bayani minti ashirin ba takarda, darakta yana zaune yana wasa da biro.

Na ce, "To kin tsaya a kan bakanki. Ba za a kai ba."

Ta ce, "Za a kai, Umma."

Na dube ta.

"Sati biyun nan na yi tunani. Duk hujjojina suna nan, zan kuma tsaya a kansu. Amma akwai wadda ban taɓa rubutawa ba, ita ce ta fi ƙarfi a raina. Ina ganin abu ya fi tsira a ɗakin ƙasanmu saboda na san fuskar duk wanda ke taɓa shi. To na san Jabez. Na san kaina."

Ta tsaya a nan. Ba ta ƙara na ukun ba, wato ni, Allah Ya yi mata albarka.

Sai ta gyara zama, irin yadda take yi in za ta ba ni labari tiryan-tiryan. "Sun yarda da wasu sharuɗɗan nawa. Maganar lokaci, da ta matan nan. Shi kuma Jabez, abin da aka yanke shi ne…"

Na ce, "Ke, tsaya."

"Umma, ai wannan…"

"Mutum nawa suka sani?"

Ta ce, "Biyar."

"To kar su zama shida. Tashi ki duba tukunya."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta tashi.

Talata, 25 ga Fabrairu, bayan La'asar, Levenshulme

Na dawo. Tun daga kan kwana na hango Kaneng a ƙofarta da rigar sanyi a kan zane, ashe Bara'u ya gaya mata jirgin da zan hau. Ta karɓe min jaka.

"Maman Bara'u, ya hanya? An bar ta?"

"An bar ta."

Ta ɗaga hannu sama ta gode wa Ubangiji. Sai ta matso, ta rage murya.

"Jabez fa? Me ta ce?"

Na ce, "Ban sani ba."

"Haba. Kwana biyu kina gidanta."

"Kaneng, 'yata shugabar sashe ce. Ba ta fitar da maganar ofis."

Na karɓi jakata, na ce gobe in Allah Ya kai mu ta raka ni Stockport Road sayen dabino, gwiwata ba za ta iya ɗauko kwali ba.